Waƙoƙin Girka a Bakin Na'ura: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗora Fassararrun Baitoci a Kiɗan Lantarki

A Hausa kalma ɗaya ce, waƙa, ke ɗauke da abin da aka rubuta a takarda da abin da aka rera da baki. Girkawan dā ma ba su raba biyun ba. Baitocinsu da yawa don rerawa aka tsara su, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da suke kira lira, ɗan'uwan molo da gurmi. Kiɗan ya ɓace, kalmomin suka rage. Yau ga wasu mawaƙa masu zaman kansu, da kwamfuta a ɗakin kwana, suna ɗauko fassarar waɗannan baitoci suna yi musu sabon kiɗa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki.

Wane irin aiki ne wannan, a taƙaice?

Hannu uku ne a cikinsa. Akwai mawaƙin Girka da ya tsara baitin, akwai mai fassara da ya juya shi zuwa Ingilishi ko Faransanci ko wani harshe, sannan akwai mai haɗa kiɗa da ya ɗora shi kan sautin na'ura. Da aka ce mai zaman kansa, ana nufin wanda babu babban kamfanin faifai a bayansa: shi ke haɗa kiɗan, shi ke ɗaukar murya, shi ke sakin aikin a intanet.

Na tsakiyan nan, mai fassara, shi aka fi mantawa da shi, alhali kalmominsa ne kiɗan ke cin karo da su, ba na mawaƙin asali ba.

Baitocin su wa aka fi ɗauka?

Mutum biyu sun yi wa saura nisa. Ta farko ita ce Safo, wadda Turawa ke rubutawa Sappho, 'yar tsibirin Lesbos da aka haifa wajen shekara ta 630 kafin Miladiyya. Na biyu shi ne Kabafis, wanda a Ingilishi ake rubutawa Cavafy. An haife shi a Iskandariya ta Masar a 1863, a can ya rasu a 1933, kuma kusan shekara 30 ya yi yana aikin akawu a ofishin ban-ruwa na gwamnati. Waƙoƙinsa da aka amince su ne kammalallu guda 154 ne, yawancinsu gajeru.

Gajartar nan ce ta sa ake rububinsu. Homa, babban mawaƙin Girka ta dā, ya fi su suna, amma waƙarsa ta yaƙin Taroya ta haura ɗango 15,000. Wa zai cusa wannan a minti huɗu? Bayan su biyun akwai na ƙarni na 20: Karyotakis, Seferis, Elytis da Ritsos.

Mai niyyar shiga ya san abin da zai tarar. Safo tana kiran allolin Girkawa, musamman Afrodita, kuma begen da ke cikin baitocinta sau da yawa ga mata yake fuskanta. Kabafis yana da waƙoƙin tarihi da na tafiya da na tsufa, yana kuma da na sha'awar maza. Kowa da abin da yake zaɓa.

Ashe dama ana yi tun da?

A Girka kanta ɗora rubutacciyar waƙa a kiɗa babbar al'ada ce. Mikis Theodorakis ya yi wa Epitafios na Ritsos kiɗa, aka fitar a 1960 da buzuki, abin kiɗan da manyan gari a lokacin ke yi wa kallon na mashaya, aka yi ta cacar baki. A 1964 ya fitar da Axion Esti na Elytis, ya kuma yi wa baitocin Seferis kiɗa. Ta haka direba da lebura suka haddace baitocin mutanen da suka ci kyautar Nobel, Seferis a 1963, Elytis a 1979.

Ta ɓangaren na'ura kuwa, sunan da ya kamata a riƙe shi ne Lena Platonos. Ta yi wa baitocin Karyotakis kiɗa a farkon shekarun 1980, sannan ta koma ga sintesaiza, wato na'urar da ke ƙirƙirar sauti da lantarki, da injin ganga a faifanta irin su Gallop na 1985, inda ta fi yin magana a hankali bisa kiɗa maimakon rerawa. Wani ƙaramin kamfanin faifai na San Faransisko, Dark Entries, ya sake buga tsofaffin ayyukanta, matasa a wajen Girka suka gano ta. Duk wanda ke wannan harka yau, ko ya sani ko bai sani ba, a sawunta yake tafiya.

Na fassara ma akwai. A 1975 Lluís Llach ya rera waƙar Itaka ta Kabafis da harshen Katalan, bisa fassarar Carles Riba. A 2004 Vangelis ya shimfiɗa kiɗan sintesaiza, Sean Connery ya karanta wannan waƙa a kai da Ingilishi.

Me ya sa ba a bar baitin da Girkancinsa ba?

Wasu suna bari. Amma Girkancin Safo karin harshe ne na tsibirinta wanda ko Bagirken yau sai ya yi karatu kafin ya gane. Shi ya sa Elytis da kansa ya fassara ta zuwa Girkancin zamani, kuma Angélique Ionatos ta yi amfani da fassararsa a faifanta na 1991. Idan mai sauraro bai fahimci kalma ko ɗaya ba, baitin ya zama ado, kamar zane a jikin tukunya. Wanda ke son a ji abin da matar nan ta faɗa, ba kawai a ji daɗin amon ba, dole ya bi ta fassara.

To ina wahalar take? Ba a ɗora kalmomi kan kiɗa ba ne kawai?

Nan ne gizo ke saƙar.

Tsohuwar waƙar Girka ba ta da amsa-amo. Abin da ke riƙe ta shi ne ma'aunin gaɓa: wata doguwa, wata gajeriya, a jere bisa tsari. Baitin da aka sa wa sunan Safo ɗango huɗu ne, uku na farko gaɓa 11 kowanne, na ƙarshe gaɓa 5. Wannan ɗan gajeren ɗango na ƙarshe shi ne gishirin baitin, kamar mutum ya yi doguwar magana sannan ya sauke numfashi. Ingilishi ba ya aiki da tsawon gaɓa, da ƙarfin furuci yake aiki, don haka yawancin masu fassara na zamani sun saki ma'aunin gaba ɗaya, sun rubuta ɗangogi marasa tsawo ɗaya. Abin da ke isowa hannun mai kiɗa ke nan: wannan ɗango gaɓa 6, na biye 13, na bayansa 4.

Ita kuwa manhajar haɗa kiɗa, da ka buɗe ta za ka tarar da allo a yanke gida-gida, bugu huɗu-huɗu, suna maimaituwa ba gajiya. Sabon shiga yakan fara da ganga, ya kafa ta daram, sannan ya dawo yana danna kalmomi cikin gidajen. Sai ya ja wasalin da bai kamata a ja ba, ya haɗiye gaɓar da ke ɗauke da ma'ana, ƙarfin furuci ya faɗa kan harafin da ba kowa ba. Kunne yana ji ko da mai shi bai san sunan laifin ba.

A ganina hanyar da ta fi ita ce a juya tsarin. A fara ɗaukar murya ana karanta fassarar kamar yadda mutum zai faɗa wa abokinsa, babu kiɗa, babu ƙararrawar auna lokaci. A saurara sau da yawa, a ga inda numfashi ke tsayawa da kansa. Daga nan a gina kiɗan ya zagaye muryar. Idan ɗango ya nemi bugu biyar, a ba shi biyar. Manhaja ba za ta yi ƙorafi ba. Girkawa ma ba bayin bugu huɗu ba ne: rawarsu ta kalamatiyanos bugu bakwai ce, zebekiko tara.

Da gaske kiɗa zai iya canza ma'anar baiti ba tare da an taɓa kalma ba?

Ƙwarai, kuma akwai sanannen misali. A wata waƙar Seferis da Theodorakis ya yi wa kiɗa, akwai ɗangon da ke cewa mun ɗauki rayuwarmu, sai alamar dakatawa, sannan kalma ɗaya: kuskure. Karin kiɗan ya bi ta kan dakatawar bai tsaya ba, sai abin ya fito kamar an ce mun ɗauki rayuwarmu bisa kuskure. Na farko mutum ne da ya rungumi rayuwa da zumuɗi, daga baya ya waiwaya ya yanke wa kansa hukunci. Na biyu labari ne kawai. Har yau ana kawo wannan zance a Girka. Abin mamaki, da wannan sigar ce jama'a suka raka gawar Seferis a Atina a 1971, lokacin mulkin soja da ya haramta kiɗan Theodorakis tun 1967.

Idan gwani irin wannan, da harshen uwarsa, ya taka waƙafi, ina ga wanda ke aiki da fassara? Waƙafi da aya da ƙarshen ɗango duk umarni ne ga mai kiɗa.

Yaya ake yi da baitocin da suka zo a gutsure?

Cikin duk abin da Safo ta tsara, waƙa ɗaya tak ake ɗauka ta iso cikakkiya, wadda take roƙon Afrodita. Saura gutsattsari ne, jimillarsu wajen ɗango 650. Wasu an tsinto su a tsofaffin jujin wani gari na Masar, Oksirinkus, inda masu tono daga Ingila suka fara aiki a 1896. Wasu a takardun da aka manna aka yi wa gawa sutura. Wasu kuma malaman nahawu ne suka kawo su a matsayin misali, kalma biyu ko uku. Ana ci gaba da samu: a 2004 an buga wata waƙarta kan tsufa daga takardar da ke birnin Kolon na Jamus.

Masu fassara sun rabu. Na dā sukan cike giɓin da tunaninsu har waƙa ta yi kyau. Anne Carson, a fassararta ta 2002, ta bar giɓin a fili, da alamun baka da farar takarda.

A nan ne nake ganin kiɗan na'ura ya fi kowane kiɗa dacewa da Safo. Mai jita da ke bin tsarin baiti da amshi yana buƙatar cikakken zance. Mai na'ura kuwa sana'arsa ke nan: ya ɗauki gutsuren sauti ya maimaita, ya yanke kalma a tsakiya, ya bar shiru, ya sa murya ta dusashe kamar tawadar da ruwa ya taɓa. Inda takarda ta yage, sai sauti ya yage. Kalma uku za su iya ɗaukar minti biyar ba a gaji ba, muddin abin da ke kewaye da su yana motsi.

Sai dai akwai zamba cikin aminci. Da an ce tsohuwar Girka, hannu ke kai wa ga amsa-kuwwa mai yawa, da ƙarar igiyar teku, da ɗan kaɗa lira daga nesa. Wannan kiɗan tallar otal ne. Matar da ke bayyana kishi da cewa harshenta ya karye, wuta na bin ƙarƙashin fatarta, kunnuwanta na ƙugi, ba hayaƙin turare take nema ba. Murya ta matso kusa, a bushe, a ji numfashi.

An san yadda kiɗan asali yake?

Na Safo ko ɗigo bai iso ba. Abin da ake da shi na bayan zamaninta ne da ɗaruruwan shekaru. Akwai waƙoƙin yabo biyu da aka sassaƙa a dutse a Delfi a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, aka gano su a 1893. Akwai kuma 'yar gajeriyar waƙar Seikilos a kan dutsen kabari, da aka samu kusa da Aydin a Turkiyya a 1883, yanzu tana gidan tarihi na Kwapanhagen. Ita ce waƙa mafi tsufa da ta iso cikakkiya da kalmomi da alamun kiɗa.

Abu biyu suka fito daga waɗannan. Tsohon Girkanci yana da hawa da saukar murya a kan gaɓa, kuma a waƙoƙin Delfi karin kiɗan yana girmama wannan hawa. Sannan a wasu tsare-tsarensu akwai tazarar sauti da ta fi ta fiyano ƙanƙanta. Fiyano ba zai iya fitar da ita ba, sintesaiza kuwa zai iya, kuma manhajar haɗa kiɗa ta Ableton Live, siga ta 12 da ta fito a 2024, ta sauƙaƙa sauya saitin sautuka. Ba wajibi ba ne, amma ƙofa ce a buɗe.

Tunda mawaƙin ya mutu shekaru aru-aru, ai babu maganar haƙƙin mallaka ko?

Wannan ne ramin da ya fi cin mutane. Baitin Safo na kowa ne. Fassararsa ba ta kowa ba ce. Yarjejeniyar Bern, wadda yawancin ƙasashen duniya suka sa wa hannu, ta ɗauki fassara a matsayin aiki mai cin gashin kansa da ke da kariya. Ɗora ta a kiɗa sarrafa ta ne, sai da izini, ko kyauta za ka raba waƙar.

A Girka da sauran Tarayyar Turai kariyar tana kaiwa shekara 70 bayan mutuwar marubuci. Saboda haka Girkancin Kabafis ya kuɓuta tun farkon 2004, na Karyotakis da ya rasu a 1928 tun kafin nan. Amma fassarar Kabafis da aka fi sani a Ingilishi ta Edmund Keeley da Philip Sherrard ce, kuma Keeley a 2022 ya rasu. Ga Seferis da ya rasu a 1971, Ritsos a 1990, Elytis a 1996, ƙofa biyu za ka ƙwanƙwasa: ta magadan mawaƙi da ta mai fassara. Amurka tana da nata lissafin, inda tsofaffin littattafai ke kuɓuta bayan shekara 95 da bugawa, kuma waƙar da aka saki a intanet ba ta san iyakar ƙasa ba.

Mafita uku ce. Ka rubuta wa sashen ba da izini na kamfanin da ya buga littafin, ka faɗi waƙar da kake so, da inda za ka saki aikin, ka jira amsa a rubuce. Tana iya daɗewa, don haka kafin a shiga sitidiyo ake aikawa, ba bayan an gama ba. Ko ka koma ga tsohuwar fassara da ta kuɓuta, irin littafin Safo na Wharton na 1885, in za ka jure Ingilishin kakanni. Ko kuma, wadda na fi so, ka haɗa kai da mai jin Girkanci ku yi sabuwar fassara tare, da kiɗan a zuciya tun daga farko, ku rubuta yadda za ku raba haƙƙi. Ɗaukar fassarar wani a sauya kalma biyu a ce ta zama taka, sata ce da sallama.

Ya halatta a sauya kalmomi, a maimaita, a yi amshi?

Maimaici ba laifi, kusan kowa yana yi. Yanke ɗango ko sauya kalma kuwa, idan fassarar tana da mai ita, sai da yardarsa. Idan ba ta da shi, sai a faɗi gaskiya a jikin faifan: wannan fassara ce, ko kuwa an gina ne a kan baitin wane. Mawaƙi Leonard Cohen ya bi hanya ta biyu a 2001. Ya ɗauki waƙar Kabafis kan Antoniyo, jarumin Rumawa da ke rasa birnin Iskandariya, ya mai da birnin mace mai suna Alexandra da ke barin masoyinta. Ba fassara ba ce, sabuwar waƙa ce da ta san ubanta, kuma kiɗanta na na'ura ne da Sharon Robinson ta haɗa.

A rera ne ko a karanta?

Ya danganta da mawaƙin. Safo don rerawa ta tsara. Kabafis kuwa muryarsa ta dattijon da ke zaune a shagon shayi ce, yana ba da labarin sarakunan da suka faɗi, da murmushi a gefen baki. Ka ja masa murya da yawa, ba'ar da ke ciki ta gudu. Tsakanin magana da rerawa akwai fili mai faɗi, kuma yawancin ayyukan da suka yi armashi a nan suka zauna.

Na'urar gyaran murya, wato Auto-Tune, wadda ta shigo kasuwa a 1997, tana da amfani idan da gangan aka sa ta. Ka dai tabbata baƙaƙen kalma suna fita. Idan sai an duba rubutu kafin a gane abin da kake faɗa, wahalar fassarar ta tashi a banza.

Wane kaya ake buƙata?

Kwamfuta, manhaja irin Ableton Live ko FL Studio ko Logic Pro, makirufo mai kyau guda ɗaya, akwatin shigar da sauti, da ɗaki marar kuwwa. Bargo a bango yana maganin abin da kuɗi mai yawa ba ya yi.

Akwai kuɗi a ciki?

Kaɗan. Masu sauraron irin wannan ba su da yawa, sai dai suna da riƙo. Shi ya sa masu yi suka fi karkata ga Bandcamp, inda mai so ke saye kai tsaye, kamfanin ya cire kashi 15 cikin 100 na cinikin sauti, kuma akwai wurin da za a rubuta baitin da sunan mai fassara. A Spotify, tun 2024, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun ko sisi daga rabon kuɗin. Abin da ya fi kawo ɗan rufin asiri shi ne gayyata zuwa bukukuwan adabi, jami'o'i, gidajen tarihi da wasan dandali.

Za a iya yin wannan da Hausa?

Za a iya, kuma a nan Hausa tana da abin da Ingilishi ba shi da shi. Rubutacciyar waƙarmu ma a kan nauyin gaɓa take tafiya, mai nauyi da marar nauyi, kamar yadda duk wanda ya taɓa arulin Larabci ya sani. Ma'aunin da mai fassara zuwa Ingilishi ke zubarwa, Bahaushe zai iya riƙe shi. Ɗauki ɗan gajeren ɗangon da ke rufe baitin Safo: mai nauyi, marar nauyi biyu, mai nauyi biyu. Faɗi “sannu da rana” ko “sannu da aiki” a hankali, ka ƙirga. Shi ke nan, daidai wa daida. Muna gaisawa da ma'aunin Safo kullum ba mu sani ba.

Hausa tana kuma da karin sauti, kusa da abin da masu waƙoƙin Delfi ke kiyayewa. Wannan gata ne, kuma takunkumi ne. Kuka na hawaye da kuka ta miya, saukar murya ce kawai ta raba su. Idan karin kiɗa ya sauka inda kalma ke son ta tsaya a sama, ko na'urar gyaran murya ta ja gaɓa zuwa inda ba nata ba, mai bege zai koma mai miya. Don haka wanda zai gwada ya fara rubuta hawa da saukar kowace gaɓa a ƙarƙashin ɗangon kafin ya taɓa fiyano.

Saura maganar tushe. Fassara daga Ingilishin wani zuwa Hausa ba ta kuɓutar da kai daga haƙƙinsa, don a kan aikinsa ka hau. Ko ka samu mai karanta Girkancin ya warware maka shi kalma-kalma, ko ka ɗauki tsohuwar fassarar da ta kuɓuta ka gwada ta da wasu biyu ko uku don ka ga inda suka saɓa, ka fara da gutsure ɗaya mai ɗango huɗu.